Me ake nufi da bd, tds da 5/7 a takardar magani? Amsa ga 'yar'uwa daga Pantami

"Assalamu alaikum Malam. Ni daga Pantami nake a nan Gombe. Na kai mahaifiyata asibiti da zazzaɓi da tari, dama tana da hawan jini. Likita ya rubuta mana haka: Tab ACT 80/480 bd x 3/7, Tab PCM 1g tds x 3/7, Cap Amoxil 500mg tds x 5/7, Tab Amlodipine 5mg od x 1/12. Da na je kemis sai aka ba ni magunguna masu wasu sunaye daban, ba waɗanda ke cikin takardar ba, aka ce wai duk ɗaya ne. Kuma tun da ta fara sha take cewa cikinta na ɗan juya mata, maƙwabciyarmu ta ce alaji ne mu daina ba ta. Don Allah me waɗannan rubuce-rubucen suke nufi, kuma cuta ta aka yi a kemis ɗin?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, ya jikin Hajiyar? In na fahimce ki abu uku kike tambaya. Kina son sanin ma'anar waɗancan guntayen haruffa da lambobi, kina son ki san ko maganin da aka ba ki shi ne wanda likita ya rubuta, sannan ko juyawar cikin nan dalili ne na a dakatar da magani. Aikina ke nan, harhaɗa magani da bayar da shi, kuma gaskiya na ji daɗi da kika kwafo takardar yadda take, don yawancin mutane ninke ta suke su miƙa ta taga su karɓi leda su wuce, sai an isa gida a fara gardama kan wanne ne na safe wanne ne na dare.

Daga ina wannan rubutun ya samo asali

Mutane da yawa suna ɗauka likitoci na yin wannan rubutu ne don kar mara lafiya ya gane. Ba haka ba ne. Karatun likitanci a Najeriya tsarin Ingila ya gada, su kuma can tun da daɗewa da harshen Latin ake rubuta umarnin magani, to guntayen kalmomin ne suka rage har yau, saboda sun fi saurin rubutawa ga mutumin da layi ke jiransa a waje. Takardar saƙo ce daga likita zuwa ga mai ba da magani, shi kuma nauyinsa ne ya juya miki shi zuwa Hausa. In bai yi ba, aikinsa bai cika ba, kuma haƙƙinki ne ki tsaya ki ce a yi miki bayani, ba roƙo kike ba.

Kowane layi a takardar abu biyar yake ɗauke da su a jere: siffar maganin, sunansa, ƙarfinsa, sau nawa a rana, sai tsawon kwana nawa. Tab ƙwaya ce, Cap kafso, Syr ko Susp na ruwa irin na yara, Inj allura, Gutt na ɗigawa a ido ko kunne. In kika ga IM allurar tsoka ce wato ta ɗuwawu ko cinya, IV ta jijiya, PO kuma ta baki.

Sai na lokaci. od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu. nocte da dare kafin barci, mane da safe, stat yanzu-yanzu sau ɗaya tak, prn kuma sai in buƙata ta taso, kamar maganin ciwon kai da ba a sha sai kan na ciwo. ac kafin cin abinci, pc bayan an ci. Amma a kula, in takardar ta asibitin ido ce, OD na iya nufin idon dama, shi ya sa ba na son mutum ya haddace waɗannan ya ɗauka ya gama, ki sani dai don ki iya bin bayanin da ake miki ki kuma gane in an yi kuskure.

Lambobin ƙarshe su ne suka fi rikita mutane alhali su ne mafi sauƙi. Ki duba lambar ƙasa. In 7 ce kwanaki ake nufi don mako kwana 7 ne, in 52 ce makonni, in 12 ce watanni. To 3/7 kwana uku, 5/7 kwana biyar, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya.

Sau uku a rana ba karin kumallo da na rana da na dare ba ne

Nan nake son mu ɗan daɗe don nan ne aka fi yin ɓarna ba tare da an sani ba. Idan aka ce tds, abin da ake so shi ne a raba awa 24 gida uku, kusan awa takwas-takwas. Dalili kuwa, duk maganin da aka haɗiya yana shiga jini ya hau, sai hanta da ƙoda su fara fitar da shi ya yi ta sauka, kuma akwai wani mizani da in ya sauka ƙasa da shi ba ya aiki. An tsara dos na gaba ya zo kafin na baya ya ƙare. To wanda ya sha ƙarfe 9 na safe, ya sha 1 na rana, ya sha bayan magariba, sau uku ya sha ba ƙarya, amma ya cunkushe su cikin awa goma ya bar jikinsa awa goma sha huɗu babu komai, ga antibayotik irin Amoxil kuwa wannan giɓin shi ne lokacin da ƙwayoyin cutar ke farfaɗowa.

Ni abin da nake gaya wa mutanenmu shi ne su ɗaura shi a kan salla don ba a manta ta. Bayan asuba gari ya ɗan waye, wajen 6, sai bayan azahar wajen 2, sai lokacin kwanciya wajen 10. bd kuma 7 na safe da 7 na yamma, ko 8 da 8. od ki zaɓi lokaci ɗaya ki riƙe shi kullum. A jikin ambulan ɗin magani za ki ga mun ja layi uku ko mun rubuta 1-1-1, ga tsofaffin da ba su yi boko ba wani lokaci nakan zana rana da wata, ko in rubuta musu da ajami, kuma ba na barinsu su tafi sai sun maimaita min da bakinsu. In an manta dos ɗaya a sha da zarar an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to a bar wancan, kada a haɗa biyu a sha wai ramuwa. Da azumi kuwa kada mutum ya matse sau uku tsakanin buɗa-baki da sahur da kansa, a gaya wa likita tun farko, sau da yawa akwai wani maganin da ke yin aiki iri ɗaya da ake sha sau biyu ko sau ɗaya.

Yanzu mu bi takardar Hajiya. Layin farko, ACT ba sunan magani ɗaya ba ne, sunan dangin maganin maleriya ne da ake haɗa guda biyu a ƙwaya ɗaya, lambar 80/480 ita ta nuna wanne ake nufi, wato atemita miligiram 80 da lumefantirin miligiram 480. Dos shida ne cikin kwana uku. Yana da wata ƙa'ida tasa da bd ɗin bai faɗa ba: dos na biyu bayan awa 8 da na farko ake sha, daga nan sai safe da yamma a sauran kwana biyun. Kuma yana son maiƙo, lumefantirin ba ya shiga jini sosai a ciki wayam, don haka a ba ta da madara, ko bayan ta ci ƙosai ko tuwo da miyar da ta ji mai. In ta yi amai cikin awa ɗaya da sha a sake ba ta wani, sannan a sayo cikon don kar shidan su gaza. Akwai kuma mai lamba 20/120, shi babban mutum ƙwaya huɗu yake sha a lokaci guda, kwalin na zuwa da 24. Ina yawan ganin wanda aka ba wannan ya koma gida yana shan ɗai-ɗai, bayan mako ya dawo ya ce maganin ba shi da kyau, alhali kashi ɗaya cikin huɗu ya sha.

Layi na biyu PCM parasitamol ne. 1g giram ɗaya, wato miligiram 1000, ƙwayar da aka saba ita ce mai 500, ke nan biyu-biyu. Babban mutum mai lafiyar hanta kada ya wuce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya takwas, kuma a bar aƙalla awa huɗu tsakani. Tsoho mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta ma ƙasa da haka ake ba shi.

Tun da muna kan lambobi bari in faɗi wani abu. Yawan miligiram ba ya nuna wane magani ya fi wani ƙarfi. Za ki ga amlodifin 5 ne kacal, 'yar mitsitsiyar ƙwaya, Amoxil kuma 500, sai wani ya ce wannan ƙaramar ba za ta yi min komai ba a ba ni babba, ko ya sha biyu. Kowane magani da nasa ma'aunin, amlodifin iyakarsa a rana miligiram 10 ne. Ana kwatanta lamba ne kawai tsakanin magani iri ɗaya. A na yara kuma za ki ga 125mg/5ml, ma'ana a cikin kowane mililita 5 na ruwan akwai miligiram 125, kuma irin wannan maganin yana iya zuwa da 250mg/5ml a kwalba mai kama da waccan, ninki biyu ke nan. A yi amfani da ɗan murfin awo ko sirinjin da ya zo da shi, cokulan gidajenmu kowanne da girmansa.

Maganar sunaye daban

Kowane magani suna biyu gare shi, kamar mutum da sunan yanka da laƙabi. Sunan yankan shi ne na sinadarin da ke aiki, shi ake ce wa jenarik, kuma ɗaya ne a duk inda aka je. Laƙabin kuma kamfani ne ya raɗa don kasuwa, shi ake rubutawa ɓaro-ɓaro da launi a gaban kwali, na ainihin kuma yana ƙasansa da ƙananan haruffa. Panadol parasitamol ne. Amoxil amoksisilin ne. Flagyl metronidazol ne. Coartem da Lonart da Amatem duk atemita da lumefantirin ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani ana ba shi kariya ta shekara 20 ba mai kwaikwayonsa, in ta ƙare wasu su fara yi, shi ya sa nasu ke araha don ba su kashe kuɗin bincike ba. Araha kaɗai ba ta nufin jabu.

To ko an cuce ki? Mafi rinjayen zatona a'a, canjin laƙabi abu ne da muke yi kullum in wanda aka rubuta babu ko ya yi tsada. Amma kada ki tsaya kan zatona, ɗauko kwalayen ki duba da kanki. Ƙananan haruffan su zama amoxicillin 500mg, amlodipine 5mg, paracetamol 500mg, da artemether/lumefantrine 80/480. In kika ga an ƙara wani suna a gefe to magani ya canza, misali Augmentin amoksisilin ne da wani sinadari a haɗe, ba daidai yake da Amoxil ba, haka akwai ƙwayoyin hawan jini da ke haɗa amlodifin da wani maganin a ciki. Ki duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna, sannan ranar ekspaya. Yawancin maganin maleriya da wasu antibayotik suna da ɗan wurin kankarewa kamar katin waya, ki kankare ki tura lambar ta tes zuwa inda aka rubuta a kwalin, za a ba ki amsa ko na gaske ne. Lambar NAFDAC kaɗai masu jabu ma suna bugawa, don haka inda kika saya yana da muhimmanci sosai.

Kuma a nan akwai bambancin da ya kamata a sani. Mu a baki komai kemis ne, amma a doka famasi daban, shagon fatent daban. Famasi akwai famasis da ya yi digiri a fannin, kamar waɗanda Jami'ar Jihar Gombe ke yayewa, shi kuma mai fatent lasisinsa na wasu magunguna ne da aka ware masa a jeri, maganin hawan jini da yawancin antibayotik ba sa ciki. Hukumar PCN, mai kula da harkar famasi a Najeriya, ita ce ke yi wa dukkansu rajista. Ba ina rage darajar masu fatent ba ne, a ƙauyukan Dukku ko Nafada sau da yawa su ne kaɗai ke kusa da jama'a kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma takarda irin ta Hajiya, ke da kike cikin gari, ki kai ta famasi.

Babban haɗarin rashin sanin sunan ainihi shi ne shan abu ɗaya sau biyu. Akwai wani dattijo da ya zo min da baƙar leda ya zazzage ta a kan teburin shago, ga Panadol da ɗansa ya saya masa, ga farar ƙwaya a ambulan daga asibiti, ga Procold na mura da ya karɓa a hanya, yana shan kowanne bi da bi yana ganin magani uku yake sha na ciwo uku, na jera masa su na nuna masa kalma ɗaya a jikin dukkansu. Parasitamol in ya yi yawa hanta yake ci, kuma a ranar farko ba lallai mutum ya ji komai ba, sai bayan kwana biyu zuwa uku. To muddin Hajiya na kan PCM, kada a ƙara mata wani maganin mura ko na ciwon jiki sai an karanta abin da ke ciki.

Akwai 'yan magungunan da ni ma ba na son a riƙa canza musu kamfani barkatai, kamar na farfaɗiya da na tsinka jini irin wafarin, don su ɗan bambanci kaɗan yana tasiri. Haka in kika ga SR, XR ko Retard bayan suna, an yi ƙwayar ne ta riƙa sakin magani sannu a hankali, ba a daka ta ba a taunawa, in aka daka na yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Na ga ana daka wa tsofaffi ƙwaya a kunu don sauƙin haɗiya, a tambaya tukuna.

Alaji ne ko illar magani

Maƙwabciyarku da kyakkyawar niyya ta faɗa amma ta haɗa abu biyu. Illar magani, wadda a asibiti za ki ji ana cewa sayid ifek, wani abu ne da aka san maganin na iya jawowa ko da an sha shi daidai, kuma yawanci mai sauƙi ne yana wucewa. Amoksisilin na sa juyawar ciki da ɗan sakin bayan gida, ACT na sa tashin zuciya da kasala, ita kanta maleriyar tana sa haka. Flagyl na barin ɗaci kamar ƙarfe a baki, Piriton na sa barci, maganin ƙarin jini na baƙanta bayan gida, rifamfisin na masu tarin fuka yana mayar da fitsari ja-ja, amlodifin kan kumbura ƙafa wajen idon sawu, lisinofiril kuma na sa busasshen tari. Duk waɗannan ba alaji ba ne.

Alaji shi ne garkuwar jiki ta ɗauki maganin a matsayin abokin gaba. Alamominsa ƙaiƙayi, borin jini, ƙuraje su feso, kumburin leɓe ko fuska ko harshe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar ko da shewa, jiri har a faɗi. In aka ga kumburin fuska ko wahalar numfashi ba a jira gari ya waye, a tsayar da maganin a nufi asibiti nan take, asibitin Specialist ko asibitin koyarwa na tarayya wato FTH, duk wanda ya fi kusa. Akwai kuma wani mummunan nau'i da magungunan salfa irin Septrin da Fansidar kan jawo wa wasu, fata ta riƙa saɓulewa, baki da ido su yi gyambo, shi ma na gaggawa ne. Wanda ya taɓa yin alajin magani ya rubuta sunansa na ainihi ya ajiye a waya ko a aljihu, ya faɗa duk inda ya je, kuma mai alajin fenisilin ba a ba shi amoksisilin ko Ampiclox don dangi ɗaya ne.

Abin da kika kwatanta, juyawar ciki kawai babu ƙuraje babu kumburi, ya fi kama da illa mai sauƙi. A riƙa ba ta maganin bayan ta ɗan ci wani abu, ta sha ruwa sosai, a ci gaba. Amma in gudawa ta tsananta kamar ruwa sau da yawa a rana, ko da jini, ko amai ya hana magani zama, a koma wajen likita.

Akwai kuma wasu kalmomi biyu a takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin magani. Ɗaya, wato contraindication, tana nufin yanayin da bai kamata a sha maganin ba sam, kamar mai ciki da wasu magungunan hawan jini irin lisinofiril, ko mai olsa da diklofenak. Ɗayar kuma, wato interaction, tana nufin karon magani da wani magani ko da abinci. Misalin da ya shafe mu kai tsaye, sifrofuloksasin da ake yawan ba masu taifot, da tetrasaikilin wato ja da yalo, in aka kora su da nono ko madara ko maganin olsa na ruwa, sinadarin kalsiyam da makamantansa na riƙe su a hanji su fita ba su shiga jini ba. Mu kuwa mara lafiya fura da nono muke fara dama masa. A bar aƙalla awa biyu tsakani. Kin ga ACT yana son madara, wannan kuma ba ya so, shi ya sa ba a yi wa magani ƙa'ida ɗaya.

Ga Hajiya musamman, ta guji ibufurofen da diklofenak da Feldene da ake saya don ciwon gwiwa da baya, suna ɗaga hawan jini suna wahalar da ƙoda, haka magungunan mura masu buɗe hanci. In tana shan wani jiƙo ko sassaƙe a faɗa wa likita ba kunya, kanwa ma dangin gishiri ce.

Antibayotik da abin da ake kira bijirewa

A Hausa komai ƙwayar cuta muke cewa, amma iri-iri ne. Akwai bakteriya, akwai bairos, ita kuma maleriya wata halitta ce daban da sauro ke sakawa a jini. Antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa. Mura da yawancin tarin da ke zuwa da sanyin hunturu bairos ne, kafso ba ya musu komai. Ina kyautata zaton likita ya saurari ƙirjin Hajiya ya ji abin da ya sa ya rubuta mata, wannan hukuncinsa ne, amma kada gobe wani a gidan ya yi tari a ce ga ragowar na Hajiya.

Bijirewa, wato rizistans, mutane na fahimtarsa a matsayin jikina ya saba da maganin. Ba jikin ba ne, ƙwayar cutar ce ta canza har maganin ya daina kashe ta, kuma tana iya tsallakawa zuwa ga wanda bai taɓa shan maganin ba. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan abin da bai kai ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jurewa. Mun gani da idonmu a kan kulorokwin, da can shi ne maganin zazzaɓi a kowane gida, ya daina aiki har Najeriya ta koma ACT a 2005. Wani babban bincike ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani. Wallahi abin yana damuna, in na ga ana sayar da kafso biyu na naira kaza a tasha, ko uwa ta buɗe ja da yalo ta zuba wa jariri don haƙori, alhali tetrasaikilin ma ba a ba yaro ƙasa da shekara 8 saboda yana ɓata haƙoran. Don haka 5/7 ɗin nan a cika shi, kafso 15 ne, ko ta ji sauƙi a rana ta biyu.

Layin ƙarshe, wanda ya fi sauran muhimmanci

Amlodifin od x 1/12, ƙwaya ɗaya kullum na wata ɗaya. Wata ɗayan ba yana nufin in ya cika ta warke ba, yana nufin a dawo a auna a sake rubutawa. Za ki ji ana cewa ciwo akyut ne ko kuronik, mutane na ɗauka kuronik shi ne wanda ya yi tsanani, alhali ma'anarsa wanda ke daɗewa, akyut kuma mai zuwa farat ɗaya ya wuce. Maleriyarta akyut ce, hawan jininta kuronik ne, ana riƙe shi ne da magani ba a cire shi. Daga 140/90 zuwa sama, in an auna a lokuta daban-daban, shi ake kira hawan jini, kuma yawanci ba ya ciwo ba ya alama. In aka auna aka ga ya sauka, maganin ne ya saukar da shi. Yawancin masu shanyewar ɓarin jiki da 'yan'uwansu ke zuwa saya musu magani, in na tambaya sai in ji dama an san suna da shi, sun sha na wata ɗaya ko biyu suka ji garau suka ajiye. Don Allah ki tsaya mata a kan wannan, ki sayo na gaba tun saura kwana uku ya ƙare.

Sai ajiya a taƙaice. EXP da wata da shekara yana nufin har ƙarshen wannan watan, amma da sharaɗin an ajiye shi yadda aka ce, yawanci ƙasa da digiri 30, mu kuwa a Gombe watan Maris da Afrilu zafi na kaiwa 40. Kada a bar magani a mota, ko kan taga, ko kusa da murhu. Garin antibayotik na yara in an zuba masa ruwa yawanci mako ɗaya ne zuwa biyu gwargwadon abin da kwalbar ta ce, maganin ɗigawa a ido kuma mako huɗu bayan buɗewa.

Ni dai ban ga Hajiya ba, ban ga kwalayen da ke hannunki ba, kuma rubutun likita da aka kwafo ana iya sauya harafi ɗaya ma'ana ta canza, don haka bayanina ba ya maye gurbin wanda ya duba ta, ba kuma ni da hurumin canza abin da ya rubuta. Ki ɗauki takardar da duk magungunan, har da waɗanda take sha tun da da na gargajiya in akwai, ki shiga famasi mafi kusa ki ce famasis kike son gani ya daidaita miki su ɗaya bayan ɗaya, ba a biyan kuɗin wannan. In zazzaɓin bai sauka ba bayan ta gama kwana ukun ACT, ko numfashinta ya canza, ko ta fara ruɗewa ko barci mai nauyi, ko fitsari ya ragu sosai, ku koma asibiti a ranar kada ku jira ranar da aka ba ku. Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri.